Daga Samun Gurbi Zuwa Ranar Yaye: Abin Da Ke Jiran 'Ya'yanmu A Jami'ar Ahmadu Bello



Kwamitin ilimi na wannan ƙungiya ne ya ɗora mana nauyin yin magana a kan karatun jami'a da zaman ɗalibi a cikinta. A zauren nan akwai masu digiri bisa digiri, mu kuwa kwalejin horon malamai ce ta yaye mu, alli da allo muka sani. Sai dai shekarun da muka yi muna riƙe da makarantun firamare sun ba mu damar ganin yaro tun yana koyon baƙi da wasali har zuwa inda ya ƙare. Za mu ɗauki Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a matsayin misali, domin ita ce yawancin 'ya'yanmu suke zaɓa idan sun zo cike takardar JAMB, kuma abin da za mu faɗa a kanta ya shafi sauran jami'o'in gwamnati in ban da 'yan bambance-bambance.

Al'adarmu a garin nan sananna ce. Ranar da sunan yaro ya fito sai a yi murna, dangi su yi karo-karo, a raka shi tasha da buhun garin kwaki da addu'a. Daga nan ba mai sake tambayar halin da yake ciki sai ranar da aka ji ya tafi bautar ƙasa, ko kuma aka ga ya dawo yana zaman majalisa ba tare da wani bayani ba. Abin da muka tsaya a kansa yau shi ne, wurare biyu ne ake yanke makomar ɗalibin jami'a: ajin farko na babbar sakandare, da shekarar farko a jami'a. A duka biyun kuwa ba safai ake ganin ƙafar iyaye ko ta ƙungiya ba.

Bari mu fara da ita jami'ar. An buɗe ta ranar 4 ga Oktoba, 1962, da tsangayoyi 4, wato Aikin Gona, Injiniya, Shari'a da Kimiyya, da sassa 15, da ɗalibai 426 kacal. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne uban jami'a na farko, shugabanta na farko kuma Bature ne ɗan ƙasar New Zealand, Norman Alexander. A 1966 Dokta Ishaya Audu ya karɓe shi, ya riƙe ta har 1975, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar daga hannun jihohin Arewa. Ba daga fili aka gina ta ba. An haɗa makarantun da ke akwai ne: kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, da cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru wadda take nan tun 1922, da gonar dabbobi ta Shika. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ma reshenta ce kafin ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. Wannan tarihi ne ya sa har yau jami'ar take a warwatse. Babban mazauninta yana Samaru, masu karatun shari'a da aikin mulki suna Kongo, asibitin koyarwa yana Shika. Uban da zai kai wa ɗansa ziyara ya fara sanin a wane ɓangare yake, kada ya wuni yana yawo a Samaru alhali yaron yana Kongo.

Yanzu ɗalibai sun kai dubun-dubata, kwasa-kwasan kuma sun fi ƙarfin a lissafa su a zama ɗaya. Amma a garinmu kwas uku kawai muka sani: likita, lauya, injiniya. Duk yaron da ya zo na ɗaya a aji sai a fara kiransa “Dokta” tun yana firamare, har sunan ya bi shi. Ba laifi ba ne a yi wa yaro fatan alheri, sai dai ya kamata a san cewa majalisar da ke kula da aikin likitanci a ƙasar nan tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Yaro ya yi shekara uku yana maimaita JAMB a kan likitanci, sa'o'insa da suka karɓi wani kwas sun kusa fita.

Alhali ga garinmu na manoma da makiyaya, ga jami'ar da ta fi shahara a wannan fanni a kusa da mu. Irin masara da ake kira SAMMAZ, da wake SAMPEA, da gyaɗa SAMNUT, da dawa SAMSORG, duk daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka fito, wannan “SAM” ɗin da ke farkon sunan ma Samaru yake nufi. A 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Kazar nan mai ƙwai da ake kira Shika Brown daga cibiyar binciken dabbobi ta Shika take. Muna sayen irin a kasuwa, muna yaba shi, amma idan aka ba yaronmu gurbi a Aikin Gona sai gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Ga likitancin dabbobi, wanda shekara 6 ake yi kamar na mutane, ga shanu a ko'ina a ƙasarmu, likitan da zai duba su kuwa sai an tafi birni. Haka nan tsangayar Ilimi. Mu da muka ga yadda aka rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, aka mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, mun san giɓin da aka bari. Makarantun sakandarenmu suna kukan rashin malaman Lissafi da Fiziks, kuma rashin nan shi ne yake hana 'ya'yanmu cin jarrabawar da za ta kai su ga likitancin da muke buri. Yaran da muke hana su karatun koyarwa, su ne da za su dawo su koya wa ƙannensu Fiziks ɗin.

A san tsawon kowane kwas tun kafin a shiga, saboda aljihu. Fannonin adabi, da kimiyyar zamantakewa, da kimiyya zalla, da ilimi, shekara 4 ne. Injiniya da Aikin Gona da Shari'a shekara 5, shi lauya kuma sai ya ƙara da Makarantar Horon Lauyoyi kafin a ba shi izinin tsayawa gaban alƙali. Masu kwasa-kwasan sana'a suna da zuwa koyon aiki a masana'anta ko ma'aikata, wanda kan kai wata 6, sau da yawa a wani gari, kuma kuɗin mota da na masauki daga gida za su fito.

To, yaya ake shiga? A nan ne muka ce ajin farko na babbar sakandare yake da muhimmanci. A wannan aji ne ake raba yara, wasu kimiyya, wasu adabi, wasu kasuwanci, kuma sau da yawa yaron ne kaɗai yake zaɓa, ko ya bi abokinsa, ko ya guje wa malamin da yake tsoro. Bayan shekara uku sai ya zo cike JAMB ya tarar ƙofar da yake so ta rufe tun tuni. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, darussa 4 take jarrabawa a kan maki 400, Ingilishi dole ne, sauran ukun kuwa kwas ne yake tsara su. Mai son likitanci sai da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Mai son injiniya sai da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son shari'a yana buƙatar Adabin Ingilishi, darasin da makarantun karkara da dama ba su da malaminsa. Bayan wannan ga kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Ingilishi, da Lissafi ga duk mai son kimiyya ko injiniya ko kimiyyar zamantakewa. Yaro zai iya cin maki mai yawa a JAMB a hana shi gurbi don kawai ya haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin ba. Idan haka ta faru sai mu ce an yi mana rashin adalci, an ba 'ya'yan manya. Wani lokacin da gaskiyarmu, amma sau da yawa matsalar tana cikin takardar da yaron ya cike da hannunsa a shagon kwamfuta ba tare da babba a kusa ba.

Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa ya riga ya yi asarar mintoci masu tsada. Bayan JAMB kuma jami'a tana da nata tantancewar, al'adar da aka fara a 2005. Tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya shi ne kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. Wannan gata ne, amma gatan da ake rabawa tsakanin jihohi masu yawa, kuma a cikinsa ma mai maki mafi yawa ake fara ɗauka. Wanda bai samu ta wannan hanya ba kada ya zauna. Akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtuwa, akwai jarrabawar IJMB wadda ita jami'ar ce take gudanar da ita, akwai kuma shiga kai tsaye zuwa aji biyu ga mai NCE ko difloma. Da yawa daga cikin abokan aikinmu malamai ta hanyar karatun dogon hutu na Cibiyar Ilimi ta wannan jami'a suka yi digiri, suna koyarwa suna karatu, da iyali a wuyansu.

Yanzu mu zo ga abin da muke roƙon kowane uba da kowace uwa su riƙe, ko da sun manta da sauran. A makarantunmu na da, jarrabawar ƙarshe ita ce komai. Yaro zai iya yin wasa shekara huɗu ya farka a ta biyar ya ci. A jami'a ba haka abin yake ba. Ana raba shekara zango biyu, kowane zango ɗalibi yana yin rajistar kwasa-kwasai, kowane kwas yana da nauyinsa, wani 1, wani 2, wani 3. Wanda ya ci maki 70 zuwa sama ya sami A, mai daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C, daraja 3. Haka abin yake sauka har zuwa F, wadda ba ta da komai, ga wanda bai kai 40 ba. Ana ninka darajar da nauyin kwas, a tara, a raba, abin da ya fito shi ake kira CGPA, kuma yana bin ɗalibi tun daga zangon farko har ranar da zai fita. Ba a share komai. Wanda ya gama da 4.50 zuwa sama ya fita da daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, wadda yara ke kira tu-wan, ita ce kuma manyan ma'aikatu da masu ba da tallafin ƙaro karatu suka fi nema. Daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa, daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku.

Mu yi ɗan lissafi irin na aji shida. A ce yaro yana kwas na shekara 4, nauyin kowace shekara daidai da na 'yar'uwarta. Don ya fita da 3.50 dole jimillar shekarun huɗu ta kai 14. Idan ya gama shekarar farko da 2.00, saura 12 a shekara uku, wato 4.00 kowace shekara. Ma'ana, sai makinsa ya tsaya a kan B a kowane kwas har shekara uku a jere, a daidai lokacin da karatun yake ƙara tauri. Ana samun masu yi, amma ba su da yawa. Kuma shekarar farkon nan ita ce wadda yaronmu ya fi rauni a cikinta. Ya zo a makare saboda neman kuɗin rajista, ya tarar an yi nisa da lacca. Ya shiga zauren da ke ɗauke da ɗaruruwan ɗalibai, malami yana can gaba yana zuba Turanci da sauri, ba mai tsayawa ya tambaye shi ko ya gane. Ba ƙararrawa, ba firifet, ba hedimasta da bulala a bakin ƙofa. Gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida suna da kasonsu a makin ƙarshe, shi kuwa bai sani ba, yana jiran babbar jarrabawa.

Kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita shi, shi ne kari-oba, kuma yana hawa kan nauyin shekara mai zuwa, wani lokaci ma laccarsa ta ci karo da ta sabon kwas. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da iyakar da jami'a ta gindaya za a ba shi gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi. Kwas na shekara 4 kuma ba a yarda a wuce shekara 6 ana yinsa ba. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne yaron da aka sallama ya kasa faɗa a gida. Ya ci gaba da zama a Samaru, ana aika masa kuɗi, yana zuwa hutu tare da sa'o'insa, har ranar da asiri zai tonu. Mun ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Kunya da tsoro ne suke jawo shi, kuma da akwai babba guda da ya nemi ganin sakamakon zangon farko, da an tari abin tun yana ƙarami, ko a nema masa sauyin kwas, ko a haɗa shi da wanda zai riƙa yi masa bita.

Sai zaman yau da kullum. Jami'ar tana da ɗakunan kwanan ɗalibai, irin su Amina da Ribaɗu na mata, da Ɗanfodiyo da Akenzua na maza, amma gadajen ba su isa ba, ko da bayan sababbin gine-ginen da Alhaji Aliko Ɗangote ya bayar. Ɗakin da aka tsara wa mutum huɗu sai ka tarar da waɗanda suka raɓu sun kusa kai masu ɗakin yawa. Saura su kama haya a cikin Samaru ko Hayin Dogo ko Palladan, inda ga kuɗin haya, ga na ruwa, ga na abin hawa. Ga 'ya mace wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma shi ne dalilin da wasu iyaye suke janye 'ya'yansu mata bayan sun ci jarrabawa da kyau. Neman gado ta intanet ake yi, cikin ɗan lokaci ya ƙare, wanda ya biya kuɗin makaranta a makare ba ya cikin lissafi.

Waɗanda suka yi jami'a a shekarun 1970 suna ba da labarin tikitin abinci, da kaza ranar Lahadi. Muna kwalejin horon malamai a 1978 lokacin da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, ɗalibai suka yi boren da ake kira “Ali Must Go”, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannu daga ciyarwa gaba ɗaya. Mun kawo wannan ne saboda wasu iyayenmu har yanzu suna ɗauka gwamnati tana ciyar da ɗalibi. Ba ta yi. Yaran suna da wani lissafi nasu da suke kira sifili-ɗaya-sifili: ba karin kumallo, a ci na rana, a kwana haka. Suna faɗa suna dariya, amma wanda ya kwana da yunwa ba zai iya zama a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ya fahimci Kemistiri ba. Kuma ɗalibin da ba shi da na abinci shi ne abokan banza suka fi saurin samu, ko masu ƙwaya, ko 'yan ƙungiyar asiri, ko masu cewa za su sayar masa da amsar jarrabawa. Hukuncin satar amsa kuwa yana kai wa ga kora, ko da mutum yana ajin ƙarshe.

Yajin aikin malamai ma a sa shi cikin lissafi. A 2013 ƙungiyar ASUU ta yi sama da wata 5 tana yaji, a 2020 wata 9, a 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cif. Ba mu zo raba gardama tsakanin malamai da gwamnati ba, ko da yake a matsayinmu na tsofaffin malamai mun san zafin alkawarin da ba a cika ba. Abin da ya shafe mu shi ne kuɗin hayar da ke ƙonewa ɗaki yana rufe, da shekarun yaro da ke tafiya. Dokar bautar ƙasa ta ce wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala digiri takardar yafewa za a ba shi. 'Ya'yanmu na karkara da ma a makare suke shiga firamare, idan aka haɗa da maimaita JAMB da yaji da kari-oba, sai shekarun su cika ba a ankara ba.

Game da kuɗi, tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na Gwamnatin Tarayya, NELFUND. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana ba ɗalibi Naira 20,000 a wata, ba ruwa a cikinsa, biya kuma sai shekara 2 bayan gama bautar ƙasa. Bashi ne, a gaya wa yaro haka ƙarara, amma ya fi a ajiye karatu. Ta intanet ake nema, kuma ƙananan kurakurai kamar sunan da ya bambanta tsakanin takardar JAMB da lambar shaidar ɗan ƙasa sukan tsayar da komai.

Saboda haka ga abin da muke ba kwamitin ilimi shawara. Tallafin da ƙungiya take rabawa a wajen wannan taro, wanda yakan zo bayan an rufe rajista, a mayar da shi lokacin da sunaye suke fitowa, a fifita 'yan ajin farko, domin su biya da wuri su sami gado su fara lacca tare da kowa. Kowane sabon ɗalibi a haɗa shi da babba guda daga cikin 'yan garinmu da ke aiki a Zariya ko Kaduna, wanda zai ga sakamakonsa a ƙarshen kowane zango. Sakamakon yana shafin ɗalibin a intanet, buɗewa kawai zai yi ya nuna, kuma a sanya wannan ya zama sharaɗin karɓar tallafi na gaba. Wanda ya faɗi kada a yanke masa, a zauna da shi a ji dalili. Ƙungiyar ɗaliban garinmu da ke can, maimakon ta ƙare a bikin maraba da na bankwana, manyan ciki su ɗauki nauyin yi wa ƙananan bitar Lissafi da Kemistiri da Ingilishi.

Na sakandare kuwa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A farkon kowace shekarar karatu, kafin a raba yara zuwa kimiyya da adabi, masu digirinmu su zo su zauna da su da iyayensu yini guda, da littafin JAMB mai bayanin kwasa-kwasai a hannu. Lokacin cike takarda kuma a sami malami ɗaya da zai duba ta kowane yaro kafin a tura. Mu tsofaffin malamai da ke zaune a gari mun yi magana a tsakaninmu, za mu karɓi wannan aikin idan kwamiti ya amince. Abin da muke buƙata shi ne aji guda a makarantar firamare ta tsakiya ranar Asabar, da kwamfuta biyu ko uku da yara za su riƙa gwada hannu, da sunayen 'yan ajin ƙarshe daga shugabannin makarantun sakandarenmu kafin hutun zangon farko.